Hunturu ya ishe ni Anti, ina son bakin teku amma fam 4,000 ne kawai a hannunmu

Ga saƙon da wata 'yar'uwa ta turo min, na taƙaita shi kaɗan:

"Anti barka da warhaka. Shekarata 4 a Ingila, ni da maigidana da yara biyu, babbar shekararta 4, ƙaramin kuma zai cika shekara 2 a ƙarshen Fabrairu. Wallahi duk hunturu sai na ji kamar an danne min ƙirji, ga duhu ga sanyi, wani lokacin haka kawai sai kuka. Mun yi shekara biyu muna tari mun haɗa fam 4,000 don mu je wani wuri mai rana mu huta a bakin teku. Ni Maldibis nake so, shi kuma ya ga tikiti mai araha zuwa tsibirin Bali na Indonesiya a wani shafi da ban taɓa jin sunansa ba, jirgi uku za mu hau, kuma ya ce lokacin Kirsimeti za mu tafi, in kuɗin bai isa ba mu cika da katin kiredit. Mun fara samun saɓani a kai. Ni kuma har kunya nake ji, kamar almubazzaranci zan yi. Ki ba ni shawara."

Toh ƙanwata, Allah ya yaye miki. Bari in fara da maganar kunyar nan don ita ta fi tsaya min a rai. A Disamba a Ingila rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe 4 na yamma, hasken yini gaba ɗaya bai cika awa 8 ba, kina gida da yara ƙanana biyu ba fita ba shiga, dole jiki da zuciya su gaji. Kuɗin nan ba bashi kuka ci ba, ba haƙƙin wani kuka danne ba, shekara biyu kuka yi kuna matse kanku, don haka ki cire kunyar nan daga ranki. Amma kukan da kika ce yana zuwa haka kawai, dan Allah kar ki jingina shi da tafiya kaɗai, ki je ki ga likitanku ki faɗa masa yadda kika faɗa min, saboda hutun kwana 10 zai ƙare ki dawo ki tarar da sauran hunturun yana jiranki. Hukumar lafiya ta Ingila ma tana ba kowa shawarar shan bitamin D daga Oktoba zuwa Maris saboda ƙarancin rana, ki tambaye shi har wannan.

Yanzu maganar tafiya. Ke da Abban yara kuna ta ja-in-ja a kan ina za a je, ni kuma a ganina abin da zai cinye kuɗinku ko ya bar muku shi shine yaushe za a je. Daga wajen 18 ga Disamba zuwa makon farko na Janairu shine lokacin da ya fi kowanne tsada a shekara, makarantu sun yi hutu, ma'aikata sun yi hutu, duk wanda sanyi ya dama yana neman kujera a jirgi ɗaya da ku, otal ma su ninka kuɗin ɗaki, wasu har su tilasta maka biyan kuɗin liyafar daren Kirsimeti da ta sabuwar shekara ko za ka ci ko ba za ka ci ba. Da an shiga mako na biyu na Janairu sai kasuwar ta faɗi, ranar nan dai ita ce, tekun nan dai shi ne, mutane ne kawai suka koma aiki.

Kuma kinga ku Allah ya ba ku dama biyu a bana waɗanda baɗi babu su. Ta farko, babbar 'yarki ba ta kai shekarun da doka ta wajabta mata makaranta ba, a Ingila wajibcin yana farawa ne daga zangon karatun da ya biyo bayan cikar yaro shekara 5, daga nan in kika ɗauke ta lokacin karatu ba izini ana iya cin ku tarar fam 80 kowane mahaifi a kan kowane yaro. Yanzu kuwa sanar da makarantar kawai za ki yi cikin mutunci. Ta biyu, ƙaramin bai cika shekara 2 ba, kuma yaron da bai kai 2 ba ana riƙe shi a cinya, yawancin kamfanonin jirgi wajen kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba suke karɓa a kansa. Amma ki lura da kyau, shekarunsa a ranar kowane tashi ake dubawa, in ya cika 2 kuna can to a dawowa sai an saya masa kujerarsa. Don haka ku tafi ku dawo kafin ƙarshen Fabrairun nan, kuma ku kauce wa hutun tsakiyar zango na makarantu da ake yi a tsakiyar Fabrairu don shi ma tikiti tashi yake. Ni da ni ce, tsakanin 10 ga Janairu zuwa makon farko na Fabrairu zan sa ido. Ba zan ɓoye miki ba, riƙe yaro mai kusan shekara 2 a cinya na tsawon awanni akwai wahala, ɗan gadon jarirai da ake maƙalawa a bangon jirgi ya yi masa kaɗan yanzu, sai dai ku riƙa karɓa-karɓa ke da babansa, kuma ku nemi jirgin dare yadda zai yi barci.

Sai Bali. Ki faɗa wa maigida cikin lalama, ba laifinsa bane, wurin yana da kyau kuma hotunansa sun cika intanet, amma daga Nuwamba zuwa Maris damina ake yi a can, Janairu ma tana cikin watannin da ruwa ya fi sauka, kuma a lokacin igiyar ruwa tana kwaso shara ta zube a gabar yamma wajen su Kuta. Ga nisa, babu jirgi kai tsaye daga Landan, zaman cikin jirgi kaɗai ya kai awa 16 zuwa 17 ban da jira, ga bambancin lokaci awa 8, yara za su yi kwana uku suna farkawa tsakar dare suna barci da rana, kafin su daidaita hutu ya yi rabi. Mutane da yawa suna ɗauka duk ƙasar zafi rana ake ƙwallawa a cikinta kullum, alhali kowace da daminarta, wani lokacin ma ƙasa ɗaya gabarta biyu kowace da lokacinta. A Tailan, ɓangaren Phuket da Krabi rani ne mai daɗi daga Disamba zuwa Maris, amma Koh Samui da ke ɗaya gabar ruwa take sha daga Oktoba har cikin Disamba. A Siri Lanka kudu da yamma, wato su Bentota da Galle da Mirissa, su ne na Disamba zuwa Maris, gabas kuwa sai daga Afrilu. A Malesiya tsibirin Langkawi lafiya lau a wannan lokacin, amma tsibiran gabas irin su Perhentian da Redang yawancin masaukansu rufewa suke yi gaba ɗaya saboda iska da ruwa. Wanda bai san wannan ba sai ya ga araha ya ɗauka sa'a ya taka.

Maldibis ɗinki kuma lokacinta ne daidai, Janairu zuwa Maris sararin sama tas, teku a kwance. Matsalar ita ce abin da kike gani a Instagram, ɗakunan nan da aka kafa a kan ruwa, tsibiri ne guda otal guda, babu kanti babu gidan abinci sai nasu, ko ruwan sha a hannunsu za ki saya, kuma daga filin jirgin Velana da ke kusa da Male, babban birnin ƙasar, sai an ɗauke ku a kwalekwale mai gudu ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, wanda kuɗinsa kaɗai na mutum huɗu zai iya karya muku lissafi, kuma shi wannan jirgin da rana kawai yake tashi, in kun sauka da dare sai kun biya kwanan otal a kusa da filin jirgi. A kan kuɗin ɗaki kuma akwai harajin baƙi kashi 17 da kuɗin hidima kashi 10, shafuka da yawa ba sa nuna su sai a ƙarshe. Fam 4,000 ba za ta kai ku irin wannan ba, gara in faɗa miki gaskiya tun yanzu.

Amma akwai wata Maldibis ɗin da ba a cika tallatawa ba. Tun 2009 gwamnatinsu ta yarda a buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune, irin su Maafushi da Thulusdhoo da Dhigurah, kuma ruwan nan shuɗi da farin yashin nan duk iri ɗaya ne da na masu kuɗi. Maafushi ba ta wuce tafiyar minti 30 zuwa 45 a kwalekwale mai gudu daga filin jirgi ba. Ƙasar Musulmi ce, babu giya a waɗannan tsibiran, abinci ba sai kin yi ta tambaya ba, masallaci yana kusa, ana ba da bizar kwana 30 kyauta in an sauka, sai dai fom ɗin IMUGA da ake cikewa a intanet kafin tafiya, shi ma kyauta ne, duk shafin da ya nemi kuɗi a kansa ki rufe shi. In da jirgin ruwan gwamnati mai araha za ku bi ki sani yawanci ba ya aiki ranar Juma'a, kar ku sauka ranar. Abin da zai iya damunki shine tsibiran ƙanana ne sosai, a ƙafa za ki zagaye Maafushi cikin ƙasa da awa ɗaya, in yaro ya yi zazzaɓi mai tsanani babban asibiti sai Male.

Wannan ya sa in kika ce in zaɓa miki, da yara masu waɗannan shekarun, tsibirin Zanzibar na Tanzaniya zan fara dubawa sannan Siri Lanka, sannan Maafushi. Zanzibar a Janairu da Fabrairu tana tsakanin damina biyu ne, ƙaramar ta Nuwamba da Disamba ta wuce, babbar ta Maris zuwa Mayu ba ta zo ba, zafi sosai da rana. Bambancin lokaci da Ingila awa 3 ne kacal a hunturu, barcin yara ba zai rikice ba, kuma wannan ba ƙaramin abu bane ga uwar da ta je hutawa. Akwai masaukai na kowane aljihu, akwai kasuwa, akwai tsohon garin Stone Town da za ku yi yini kuna yawo, ba za a kulle ku a otal ɗaya ba. In wanka a teku kuke so kowane lokaci ku nufi arewa, Nungwi ko Kendwa, saboda a gabas wajen Paje da Jambiani ruwa yana janyewa nesa sosai na awanni kafin ya dawo, kodayake yara suna jin daɗin hakan don su yi ta tsintar ƙwanso a kan yashi. Sai ki sa a lissafi: biza dala 50 ce ga yawancin fasfo, kuma tun 1 ga Oktoba 2024 akwai inshorar dole ta gwamnatin Zanzibar dala 44 ga babba, ko da kina da taki inshorar sai kin saya. Akwai sauro kuma, ki ga likita ko kantin magani makonni 6 zuwa 8 kafin tafiya a kan maganin rigakafin maleriya, musamman na yaran. Sauran wuraren da na lissafa su ma akwai zazzaɓin dengi da sauron rana ke kawowa, man korar sauro dai dole ne ko ina kuka zaɓa.

Toh yanzu tikitin nan na jirgi uku. Ki ce maigida ya buɗe shafin ku duba abu ɗaya tare: lambar tikiti ɗaya ce daga Landan har inda za ku, ko kuwa tikiti daban-daban ne shafin ya ɗinke ya sayar a matsayin tafiya ɗaya? Irin waɗannan shafukan abin da suke yi kenan, su haɗa jirgin wannan kamfani da na wancan waɗanda babu wata yarjejeniya a tsakaninsu. Ma'anarsa a kowane zango sai kun fita ta shige da fice, kun jira akwatuna, kun sake layin awo, kun sake bin bincike, da yara biyu da keken yaro, wani lokacin ma filin jirgin daban ne, Bankok filin jirgi biyu gare ta, Istanbul ma haka, kuma tsakaninsu tafiya ce mai nisa a mota. In jirgin farko ya yi latti kuka rasa na biyu, kamfani na biyu ba ruwansa, a wajensa ba ku zo ba ne kawai, kuma ƙa'idar yawancinsu in mutum bai hau zangon farko na tikitinsa ba sauran zangon har da na dawowa sokewa suke. Sai ku tsinci kanku a ƙasar da ba ku san kowa ba kuna sayen kujera uku a farashin ranar. Fita ɗaukar kaya kuma shiga ƙasa ce, tana iya buƙatar biza. In kuwa tikiti ɗaya ne, kayanku su wuce kai tsaye, in an yi latti kamfanin ne zai sa ku a jirgi na gaba kyauta.

Ni kaina na taɓa sayen tikiti a irin wannan shafin shekarun baya. Kamfanin jirgin ya canja lokacin tashi, na kira su suka ce ba su za su gyara ba sai ejan ɗin da ya sayar min, ejan kuma babu lambar da mutum ke ɗauka sai saƙon imel da ake amsawa bayan kwanaki, na yi kusan mako biyu ba na barcin kirki. Abin da na rage a farko bai kai rabin abin da na kashe a ƙarshe ba. Tun daga nan Google Flights da Skyscanner wajen bincike kawai nake amfani da su, in na ga wanda ya yi min sai in je shafin kamfanin jirgin da kansa in saya, ko da ya ɗara da 'yan fam kaɗan.

Ba ina cewa sai jirgi kai tsaye ba, a'a, shi ne ma ya fi tsada yawanci. Ya da zango sau ɗaya a tikiti ɗaya shine daidai ku. Qatar Airways ta Doha, Emirates ta Dubai, Etihad ta Abu Dabi, Turkish Airlines ta Istanbul, Ethiopian ta Addis Ababa, Kenya Airways ta Nairobi, ki gwada su duka. Landan zuwa Doha wajen awa 7 ne, daga nan zuwa Male ƙasa da awa 5, zuwa Zanzibar wajen awa 6, kinga an raba tafiyar gida biyu yara sun sauka sun miƙe ƙafa. Jiran awa 2 zuwa 4 a tsakani shi ya fi, ƙasa da haka za ku yi ta gudu da yara a kafaɗa, fiye da haka kuma abin da kuka rage za ku cinye shi a abincin filin jirgi. Wani abu da mutane ke mantawa, in za ku Zanzibar ta Addis Ababa ko Nairobi kuma jiran ya wuce awa 12, Tanzaniya tana iya neman katin rigakafin cutar shawara a hannunku, saboda Habasha da Kenya suna cikin ƙasashen da ake lissafawa da cutar. In jiran gajere ne babu wannan.

Wajen bincike kar ki sa rana ɗaya ki tsaya a kanta, ki buɗe kalandar farashin wata guda ki ga ranakun da suka fi sauƙi, yawanci tsakiyar mako ne, Talata ko Laraba, tashin Juma'a da Asabar da dawowar Lahadi su ne masu zafi. Ki gwada Manchester da Birmingham da Gatwick ba Heathrow kaɗai ba, amma ki haɗa da kuɗin zuwa can da na ajiye mota kafin ki ce ya fi araha. Ki kunna sanarwar farashi a kan hanya biyu ko uku. Maganar da ake yaɗawa wai a saya ranar Talata da tsakar dare ko a ɓoye burauza, kar ki ɓata lokacinki a kanta. Yadda abin yake shine kujerun jirgi an kasa su rukuni-rukuni kowanne da farashinsa, in masu araha suka ƙare sai a koma na gaba, shi ya sa za ki ga kujera ɗaya da wani farashi amma da kin sa mutum uku ya tashi, don saura biyu ne a rukunin mai sauƙi. Doguwar tafiya irin wannan ba a jiran minti na ƙarshe da ita, in kin bi farashin mako biyu kin gane yadda yake hawa da sauka, ranar da ya sauko inda aljihunku zai ɗauka ki saya kawai ki daina dubawa. In Asiya kuka zaɓa ki duba ranar sabuwar shekarar Sinawa, tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, makon nan jirage da otal a Tailan da Malesiya har Maldibis cika suke. Ki duba watan azumi ma, a 'yan shekarun nan cikin hunturu yake kamawa, a Zanzibar da tsibiran Maldibis na 'yan ƙasa gidajen abinci da yawa ba sa buɗewa da rana.

Farashin farko da za ki gani kuma sau da yawa babu akwati a ciki, jakar hannu ce kawai mai kilo 7 ko 8. Ki danna har shafin ƙarshe kafin biya ki ga jimilla da akwati mai kilo 23 da zaɓen kujera, sannan ki kwatanta. Ku huɗu akwati biyu sun ishe ku, kayan zafi ba su da nauyi, rigunan sanyi kuma a jikinku za ku tafi da su. Keken yaro yawanci kyauta ake ɗauka. Ki tabbatar kin sa shekarun babbar daidai wajen bincike, saboda harajin fasinja na Birtaniya ba a karɓarsa a kan yaran da ba su kai 16 ba a kujerun talakawa, kuma kamfanoni da dama suna ɗan rage wa 'yan shekara 2 zuwa 11.

Kafin ki yanke, ki kuma nemi farashin haɗaka, wato jirgi da otal da motar ɗauka a dunƙule daga kamfanin yawon buɗe ido. A Janairu wani lokacin ya fi sayen kowanne daban sauƙi, kuma in yana da shaidar ATOL, wato tsarin kare kuɗin matafiya na Birtaniya, to ko kamfanin ya durƙushe za a mayar muku da kuɗinku ko a dawo da ku gida. Ki nemi takardar shaidar a hannunki da zarar kin biya.

Sai katin kiredit. A nan zan goyi bayanki in kuma goyi bayan maigida ta wata fuska. Cin bashi don hutu ban yarda da shi ba ko kaɗan, ku dawo cikin sanyin Fabrairu ga kuɗin wuta da na gas ga bashi yana haihuwa duk wata, damuwar da kika gudu ita za ki tarar ta ƙaru. Amma biya da katin sannan a goge shi gaba ɗaya daga cikin kuɗin da kuka tara kafin kuɗin ruwa ya hau, wannan dabara ce mai kyau, saboda sashe na 75 na dokar bashin masu sayayya ta 1974 ya ɗora wa bankin alhaki tare da mai sayarwa a kan abin da ya haura fam 100 har zuwa 30,000, in kamfani ya rushe ko bai ba ku abin da kuka biya ba. Kariyar ta fi ƙarfi in kai tsaye kuka biya kamfanin jirgin, ta hannun ejan kuwa tana iya samun tangarɗa, kinga wani dalilin kenan. Ki kuma san haƙƙinku in an yi latti: duk jirgin da ya tashi daga Birtaniya, ko na wane kamfani ne, in tafiyar ta wuce kilomita 3,500 kuma kuka isa inda za ku da lattin sama da awa 4 bisa laifin kamfanin, diyyar fam 520 ce ga kowane mai kujera. A dawowa kuwa sai in kamfanin na Birtaniya ne ko na Tarayyar Turai. Inshorar tafiya ki saye ta ranar da kika sayi tikiti, ba ranar tashi ba, don in yaro ya kwanta ciwo ana gobe tafiya ita ce za ta cece ku, kuma ki faɗa musu duk wani ciwo da ɗayanku ke da shi, in kin ɓoye ba za su biya ba.

Yadda zan kasa kuɗin da ni ce, fam 400 zan ware tun farko in manta da ita, ta ko-ta-kwana ce. Sauran 3,600, in tikiti ya nemi cinye fiye da kashi 60 cikin 100 to ranar ce ba ta yi ba ko wurin, a canja ɗaya. Kwana 9 ko 10 ya fi min kwana 7, tunda kuɗin jirgi ɗaya ne kuma kwana biyu a hanya suke tafiya, gara masauki mai sauƙi mai tsafta da na'urar sanyaya ɗaki da karin kumallo a yi kwana 10 da otal mai tauraro biyar a yi kwana 5. Ki kama ɗakin da za a iya sokewa kyauta. A can in na'urar kati ta tambaye ki za ki biya da fam ko da kuɗin ƙasar, ki zaɓi kuɗin ƙasar kullum, canjin da na'urar ke yi da kanta cuta ce.

Shi kuma Abban yara, kar ki je masa da "Anti ta ce shirinka bai yi ba". Mutumin nan ya zauna ya yi ta bincike ne don ya ga halin da kike ciki, yana son ya fitar da ke, kuma mai yiwuwa Kirsimeti ya zaɓa don lokacin ne ya san wajen aiki ba za su hana shi ba. Ki fara tambayarsa ko zai samu hutu a Janairu, a wurare da yawa ya fi sauƙin samu ma tunda kowa Disamba yake rububi. Bayan yara sun yi barci ku zauna da waya ɗaya, ku sa ranakun Kirsimeti ku rubuta jimilla, ku sa na tsakiyar Janairu ku rubuta, Bali da Zanzibar da Male kowanne, ki bar shi shi ya riƙa dannawa.

Amma kafin duk wannan, yau da dare ki ɗauko fasfo huɗun nan. Yawancin ƙasashen da na ambata suna son ya zama saura aƙalla wata 6 kafin ya ƙare, kuma na yara ya fi saurin ƙarewa ba a lura ba. Dokar biza da fasfon da kuke riƙe da shi take tafiya ba da inda kuke zaune ba, akwai fasfon da Tanzaniya ba ta ba shi biza a filin jirgi sai an nema tun daga gida an jira makonni, akwai wanda ko canja jirgi a Faransa ko Jamus sai da bizar tiransit, don haka ki duba shafin ofishin jakadancin ƙasar da za ku da na wadda za ku ya da zango kafin ki biya ko fam ɗaya. In da izinin zama kuke a Ingila, ki shiga asusunku na eVisa, wato izinin zamanku na intanet, ki tabbatar fasfon kowa na yanzu ne a maƙale, har na ƙaramin, don da shi kamfanin jirgi zai duba kafin ya bar ku ku hau a dawowa. Sunan da za ki rubuta a tikiti kuma ya zama harafi da harafi yadda yake a fasfo. In kun tsayar da rana ki sake rubuto min, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.